Abincin Yaro Daga Wata Shida Zuwa Shekara Biyu

Wannan takarda ta mutanen gida ce duka: maigida, da uwargida, da kakanni, da 'yan mata masu goyon ƙanne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a tsakar gida. Maganar da ke ciki ta abincin yaro ce, tun daga ranar da ya cika wata shida har ya shekara biyu, da kuma ƙunshe-ƙunshen nan da ake bayarwa a asibiti domin a ƙara wa abincinsa ƙarfi.

1. Dalilin da ya sa aka kula da wannan lokaci

Babu lokacin da ɗan Adam ke girma da sauri kamar shekarunsa biyu na fari. Jariri mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, in ya shekara kuwa ya ninka shi sau uku. Ƙwaƙwalwarsa ma a lokacin take ginuwa. Duk wannan gini da abinci ake yinsa, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. In tubali ya kasa, ɗaki ba ya kai tsawon da aka nufa.

Yaron da bai sami abin da jikinsa ke bukata ba a waɗannan watanni yakan tsumbure, watau tsawonsa ya gaza na shekarunsa. In ya wuce shekara biyu a haka, da wuya ya cim ma tsaransa, ko da daga baya gidan ya cika da abinci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin nan ba na gida ɗaya ko biyu ba ne. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cikin kowaɗanne yara 100 da ba su kai shekara biyar ba, 37 sun tsumbure. A jihohin Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Har wa yau, cikin yara 100 masu wata 6 zuwa shekara biyar, an sami 68 da ƙarancin jini. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan manoma ne, masu hatsi a rumbu da kaji a tsakar gida. Ashe ke nan ba rashin abinci kaɗai ke kawo wannan ba, har da rashin sanin irin abincin da ya dace da yaro, da yadda za a ba shi.

2. Wata shida na fari: nono kaɗai

A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa. Dakashi, watau nonon fari mai kauri da launin rawaya, kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri.

Daga nan har wata shida, nonon uwa ya ishe shi ci da sha. Ba ya bukatar ruwa ko da a tsakiyar bazara, gama yawancin nono ruwa ne, kuma mai tsabta. Ruwa ko jiƙo ko koko da aka ɗura masa suna cika masa ciki su hana shi tsotso, suna kuma kawo zawo. Abin da ya kamata shi ne uwa ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa da yawa, ta ba shi nono duk sa'ad da ya nema, dare da rana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

3. Rumbun da jariri ya zo da shi

Kowane jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe a jikinsa, wadda ya ɗiba daga uwarsa tun yana ciki. Da sinadarin ƙarfe jiki ke yin jan jini. Ajiyar nan kamar rumbu take: cike take da kaka, amma kullum ana ɗiba. Wajen wata shida sai ta kusa ƙarewa, nono kuwa ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne. In ba a fara zuba sabo ta hanyar abinci ba, sai jini ya ragu.

Ban da ƙarfe akwai waɗansu sinadarai da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan, amma ba ya iya zama sai da su:

Bitamin A yana tsare ido, yana taimakon jiki wajen yaƙi da ƙyanda da zawo. Rashinsa ke kawo dundumi, in ya yi tsanani har makanta.

Zinki yana taimakon girma, yana rage tsananin zawo.

Aidin yana gina ƙwaƙwalwa. Rashinsa ke kawo maƙoƙo ga manya, da dakushewar basira ga yara.

Rashin waɗannan shi ake kira ɓoyayyiyar yunwa. Yaro yana iya cika cikinsa da koko kullum, ba ya kukan yunwa, amma jikinsa yana cikin rashi. Ku duba tafin hannunsa, da harshensa, da cikin fatar idonsa ta ƙasa. In sun yi fari-fari, jininsa ya ragu, a kai shi asibiti. Irin wannan yaro ba shi da kuzarin wasa, yana yawan ƙyuya, kowace cuta ta zo unguwa sai ta sauka a kansa.

4. Cikin yaro ƙarami ne

Ran da yaro ya cika wata shida, a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da ba shi nono har shekara biyu ko fiye. Daga wata 6 zuwa 12 nono yana ba shi rabin ƙarfin da yake bukata ko fiye. A shekara ta biyu yana ba shi wajen kashi ɗaya cikin uku. Sauran sai daga kwano.

Ga abin lura. Cikin yaro mai wata takwas ba ya ɗaukar fiye da kofi ɗaya, watau wajen rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa. In an cika wannan ɗan wuri da kunu tsararo, ruwa aka ba shi da ɗan gari. Zai yi fitsari ya fitar, ya koma da yunwa. Domin haka a dama kunu da kauri. Ga yadda ake gwadawa: a ɗebo a cokali a karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokali yana saukowa a hankali, ya yi daidai.

Gero ko dawa ko masara su kaɗai ba su isa ba. Kullum a nemi abu daga kowane ɗaya cikin waɗannan a haɗa:

Hatsi da saiwa: gero, dawa, masara, shinkafa, dankali, doya.
Masu gina jiki daga gona: wake, waken suya, gyaɗa, gurjiya.
Masu gina jiki daga dabba: ƙwai, hanta, nama, kifi, nono ko kindirmo mai tsabta.
Ganye da 'ya'yan itace: zogale, alayyafo, rama, kuka, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, lemo, gwaba.
Ɗan mai: cokalin shayi ɗaya na manja ko man gyaɗa.

Ƙarfen da ke cikin hanta da nama da kifi ya fi saurin shiga jiki bisa na hatsi da ganye. 'Yar hanta kamar girman babban yatsa, a dafa a murje cikin abinci sau ɗaya a mako, tana da amfani ƙwarai. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka ya yi laushi. Lemo da gwaba da tumatir suna taimakon jiki ya ɗebi ƙarfe daga hatsi. Shayi kuwa hana shi yake yi, kada a ba yaro shayi. Zuma ma kada a ba shi sai ya shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da cikin jariri ba ya iya kashewa.

5. Garin kunu na gida

Akwai haɗin da kowace mace za ta iya yi da kayan gonar gidanta. A asibitoci da yawa ana kiransa Tom Brown. Ga awonsa:

Hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya: awo 6.
Waken suya: awo 3.
Gyaɗa: awo 1.

Ko da gwangwanin madara aka auna, ko da mudu, duk ɗaya ne, in dai abu guda aka yi awon da shi.

A tsince tsakuwa, a wanke hatsi a shanya. Waken suya a jiƙa shi, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sarai, sa'an nan a soya shi a kasko har ƙarnin ya fita. Hatsi da gyaɗa ma a soya su sama-sama, kowane dabam. Gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta motse, ko tana ɗaci, a zubar da ita, gama tana ɗauke da dafi mai ɓata hanta. A haɗa duka a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Kada a yi mai yawa, a yi abin da zai ƙare cikin 'yan makonni.

In za a dama, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta har ya nuna ya yi kauri. A sa ɗan manja, ko garin zogale, ko dakakken kifi. A canza yau da gobe domin kada ya gundure shi.

6. Sau nawa, kuma yaya yawansa

Wata 6 zuwa 8: sau 2 ko 3 a rana. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Abincin ya zama mai laushi, murjajje.

Wata 9 zuwa 11: sau 3 ko 4 a rana, rabin kofi kowane ci. A fara ba shi abin da zai riƙe da hannu, kamar yankan gwanda ko dafaffen dankali.

Wata 12 zuwa 23: sau 3 ko 4 a rana, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa kofi cike. Yanzu yana cin tuwo da miya na gida, a yayyanka masa ƙanana.

Tsakanin ci da ci a ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar ayaba ko ƙosai. Gyaɗa ɗaiɗaya kada a ba ƙaramin yaro, tana iya sarƙe shi.

Yaro ya sami kwanonsa shi kaɗai. In an haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. Uwa ta zauna ta fuskance shi, ta ba shi da cokali, tana yi masa magana da wasa. Ɗure ba kyau: toshe wa yaro hanci a ɗura masa kunu yana iya kai kunun cikin huhu, yaro ya halaka. In ya ƙi sabon abinci yau, a sake gwadawa gobe da jibi. Sannu ba ta hana zuwa.

7. Garin bitamin

Ko an yi ƙoƙari, ba kowane gida ke samun hanta da ƙwai da kifi kullum ba, balle da bazara da tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Domin cike wannan giɓi aka yi garin bitamin.

Wani likitan yara na birnin Toronto a ƙasar Kanada, Stanley Zlotkin, shi ya ƙago shi a ƙarshen shekarun 1990. Gari ne a ɗan ƙunshi mai nauyin giram 1. Irin da aka fi rabawa yana da bitamin da sinadarai iri 15, cikinsu da ƙarfe, da zinki, da bitamin A, da aidin. An lulluɓe ƙarfen da wani ɗan maiƙo domin kada ya canza ɗanɗanon abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi a 2011, ta sake ƙarfafa shawarar a 2016, ga yara masu wata 6 zuwa 23 a duk ƙasar da ƙarancin jini ya kama yara 20 cikin 100 ko fiye. Da aka tattara gwaje-gwajen ƙasashe dabam-dabam a 2020, an ga ya rage ƙarancin ƙarfe a jikin yara da wajen rabi, ya rage ƙarancin jini da kashi 18 cikin 100.

Awon da Hukumar ta faɗa shi ne ƙunshi 90 cikin wata shida, watau kamar ƙunshi ɗaya yau, a tsallake gobe, a ba da jibi. A waɗansu wurare tsarin ya bambanta. Ku bi abin da malamin asibiti ya gaya muku. Amma ko ta yaya, kada a wuce ƙunshi ɗaya a rana.

Ga yadda ake ba da shi:

1. Uwa ta wanke hannunta da na yaro da sabulu. Kwano da cokali su zama wankakku.
2. A dafa abinci mai kauri, a sauke, a bari ya huce har ya kai ɗumin da yaro zai iya ci.
3. A ware ɗan kaɗan a gefen kwano, cokali 2 ko 3, abin da aka tabbata zai cinye.
4. A yage ƙunshi, a juye garin duka a kan wannan ɗan abinci, a gauraya sosai.
5. A fara ba shi wannan, ya cinye cikin rabin sa'a. Sa'an nan a ci gaba da sauran abincin.

Ga kuma abubuwan da ba a yi:

Ba a zuba shi a tukunya a kan wuta, ko cikin abinci mai zafi ƙwarai. Zafi yana narkar da lulluɓin ƙarfen, abinci ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya canza, yaro ya ƙi ci.

Ba a zuba shi a ruwa, ko shayi, ko madara, ko kunu tsararo. Yakan taso sama ya manne a jikin kofi, yaro bai samu ba.

Ba a raba ƙunshi ɗaya ga yara biyu. Awon yaro ɗaya ne.

Ba a ajiye abincin da aka zuba masa garin sai an jima. In ya daɗe launinsa yana juyawa.

A ajiye ƙunshe-ƙunshen a inuwa, wuri busasshe, inda hannun yara ba ya kai.

Garin bitamin ba ya ƙosarwa, ba ya kuma maye gurbin nono ko abinci. Kamar taki yake a gona. Taki yana ƙara albarka, amma wanda ya zuba taki bai yi shuka ba, ba abin da zai girba.

8. Ƙunshin gyaɗa iri biyu ne

A lura ƙwarai, domin mutane suna rikita su.

Ƙarami yana da nauyin giram 20. An yi shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da mai, da garin madara, da bitamin. Na rigakafi ne, ana ba yara masu wata 6 zuwa 23 a wuraren da abinci ya yi wuya, ƙunshi ɗaya a rana. A gauraya shi da ɗan abinci mai kauri, ko yaro ya tsotsa daga ƙunshin. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da za a iya ba yara a irin waɗannan wurare. Yaron da ke shan wannan ba a haɗa masa da garin bitamin, gama abin da ke cikin garin yana cikinsa.

Babba yana da nauyin giram 92. Wannan magani ne na tamowa mai tsanani. A Faransa aka ƙago shi a 1996, an kuwa ga amfaninsa a fili a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, inda aka warkar da dubban yara suna gidajen iyayensu. Malamin asibiti ke auna yawan da yaro zai ci gwargwadon nauyinsa. Wanda ya sayar da shi a kasuwa, ko ya raba wa sauran yara, ko babba ya ci, maganin majinyaci ya ɗauke, yaron kuwa yana iya mutuwa. Shi ma ba a haɗa shi da garin bitamin.

Yadda ake gane tamowa: ana ɗaura wani ɗan tsiri mai launi uku a tsakiyar damtsen yaro. Kore lafiya. Rawaya, watau tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaro ya fara ramewa, a je asibiti a karɓi shawara. Ja, watau ƙasa da 11.5, hatsari ne, a kai shi ran nan. Haka kuma in an danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa an ƙirga uku, aka ɗaga wurin ya lotsa, wannan kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce. Kada a kwana.

9. Waɗansu hanyoyin ƙarin ƙarfi

Ɗigon bitamin A. Daga wata shida har shekara biyar ana ɗiga wa yaro a baki kowane wata shida. Shuɗin ƙwanso na masu wata 6 zuwa 11 ne, ja na masu shekara ɗaya zuwa sama. Ana bayarwa kyauta a asibiti da lokacin makon lafiyar uwa da yara. Daga shekara ɗaya ana haɗawa da maganin tsutsar ciki, domin tsutsa ma tana rage jini. A tafi da katin yaro a rubuta.

Gishiri. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya. A sayi na cikin leda mai rubutun aidin, a ajiye shi a rufe. Abincin jariri kuwa ba ya son gishiri da yawa, haka sukari.

Mai da fulawa da sukari. Tun 2002 aka wajabta wa masana'antu su sa bitamin A a cikinsu. Alamarsa hoton ido ne a jikin mazubi. In za a sayi man girki a duba wannan alama, a kuma ajiye man nesa da rana.

10. Zazzaɓi da zawo

A ƙasar da ke da sauro, ba da sinadarin ƙarfe tilas ya tafi tare da tsaron zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. Da damina, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi sun zo wata-wata, a karɓa a ba shi duka. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini ran nan, a gaya wa malamin asibiti yana shan garin bitamin, shi zai faɗi ran da za a ci gaba. Yaro mai sikila ma sai an tambayi likita tukuna.

In zawo ya kama yaro, kada a hana shi nono ko abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya kafin nan. In ya warke a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har mako biyu, ya mai da abin da ya zube.

Tsabta ita ce rabin aikin. A wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida, da bayan an wanke wa yaro kashi, da kafin girki, da kafin ba shi abinci. A rufe abinci saboda ƙuda. Kunun da ya wuce sa'a biyu a ajiye, sai an sake tafasa shi. Kofi da cokali sun fi bulumboti, domin shi wuyar wankewa gare shi.

11. Tambayoyin da iyaye kan yi

*Tun da na fara ba shi garin, kashinsa ya yi baƙi. In daina?*
A'a. Ragowar ƙarfen ne ke fita, ba cuta ba ce. Wani yaro cikinsa yakan ɗan saki ko ya ɗaure a kwanakin fari, sa'an nan ya daidaita. In zawo ya yi yawa, ko da jini, ko da amai, a kai shi asibiti.

*Na manta jiya. In ba shi biyu yau?*
A'a. A ba shi ɗaya, a ci gaba kamar da.

*Ɗana mai ƙiba ne, me zai yi da shi?*
Ƙiba ba ta nuna yawan jini. Yaro yana iya yin ɓul-ɓul alhali ƙarfe ya ƙare a jikinsa.

*An ce yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata.*
Ƙwai abinci ne, ba ya koya wa kowa hali. Tarbiyya ke gyara hali. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana yana daga cikin mafi kyawun abin da za a ba yaro daga wata shida. A dafa shi ya nuna sarai.

*Na sami ciki ina goyo. Nonona ya ɓaci?*
Bai ɓaci ba. A ci gaba da shayarwa, uwa ta ƙara cin abinci, ta je awo. Yaye na rana ɗaya, a shafa maɗaci a nono a kai yaro gidan kaka, shi ke jefa yara da yawa cikin tamowa, gama yaro ya rasa nono da uwa a lokaci guda sai ya ƙi ci. In lokacin yaye ya yi, a rage nono sannu-sannu bayan ya saba da abinci sosai.

12. Aikin maigida da kaka

Maigida, kai ke riƙe da makullin rumbu da kuɗin cefane. Da kaka, kafin ka kai gyaɗa da wake da waken suya kasuwa, ware na yaro tukuna. Cikin ƙwan da kajin gida suka yi, a bar masa nasa. Ran kasuwa ka tuna da 'yar hanta ko busasshen kifi. Dasa zogale da gwanda a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ran awo ka ba matarka izini da kuɗin mota, in da hali ka raka ta. Kuɗin ƙwai bai kai kuɗin ƙarin jini a asibiti ba.

Kaka, maganarki ake ji a gida. In kin ce a ba jariri dakashi, za a ba shi. In kin ce kunu ya yi kauri, zai yi. Sa'ad da uwa ta tafi gona ko rijiya, ke ce mai lura ko an ba yaro abincinsa da garinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abubuwan tunawa

1. Nono kaɗai har wata shida, nono da abinci har shekara biyu.
2. Kunu mai kauri, da haɗi iri-iri, a kwanon yaro shi kaɗai.
3. Garin bitamin: ƙunshi ɗaya, yaro ɗaya, cikin ɗan abinci mai kauri wanda ya huce.
4. Babban ƙunshin gyaɗa magani ne, na mai tamowa kaɗai.
5. Ɗigon bitamin A kowane wata shida, gidan sauro kowane dare.
6. A kai yaro awo kowane wata, da katinsa.

Tambayoyi domin a tattauna bayan karatu

1. Me ya sa yaro ke bukatar ƙarin sinadarin ƙarfe daga wata shida?
2. Yaya ake gane kunu ya yi kaurin da ya dace?
3. Faɗi awon hatsi da waken suya da gyaɗa a garin kunu na gida.
4. Waɗanne abubuwa huɗu ne ba a yi da garin bitamin?
5. Cikin abincin da aka lissafa, waɗanne ake samu a garinku da rani, waɗanne da damina?

Wanda ke da sauran tambaya ya je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko ya tambayi ma'aikaciyar lafiya ta unguwarsu. Rigakafi ya fi magani.